Ranar Matan Nijar da muryar ɗalibai mata a Maraɗi

Ranar Matan Nijar rana ce ta ƙasa da ake yi kowace 13 ga watan Mayu, domin tunawa da tattakin da mata suka yi a Yamai a shekarar 1991. Ita da 8 ga Maris, wato Ranar Mata ta Duniya, su ne ranaku biyu da makarantu da jami'o'in Nijar suke waiwayar tarihin mata a cikinsu. Ta 8 ga Maris baƙuwa ce: Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara bikinta a 1975, a Amurka kuma aka faɗaɗa abin har watan Maris kacokan ya zama watan tarihin mata tun daga 1987. Ta 13 ga Mayu kuwa 'yar gida ce, matan ƙasar ne suka samo ta da ƙafarsu.

Asalin ranar

A ranar 9 ga Fabrairu 1990 jami'an tsaro suka buɗe wuta kan ɗalibai a gadar Kennedy da ke Yamai, ɗalibai uku suka rasu. Daga nan matsin lamba ya yi yawa a kan gwamnatin Janar Ali Saibou, har ta amince a yi Babban Taron Ƙasa. Da aka kafa kwamitin shirya taron, sai aka tarar mace ɗaya ce tak a cikinsa. Ranar 13 ga Mayu 1991 dubban mata suka cika titunan Yamai, ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai da matan gida, suna cewa ba za a tsara makomar ƙasa da rabin mutanenta a waje ba. Aka ƙara musu kujeru. Taron ya buɗe ranar 29 ga Yuli a ƙarƙashin jagorancin André Salifou, ya rufe a farkon Nuwamba, a 1992 kuma gwamnati ta mai da 13 ga Mayu ranar ƙasa.

Dokar kaso ta biyo baya a shekarar 2000: kashi 10 cikin 100 na muƙaman zaɓe da kashi 25 na muƙaman naɗi dole su je ga jinsin da ba shi da rinjaye. An ɗaga kason zaɓe zuwa 15 a 2014, sannan zuwa 25 a 2019, na naɗi ya koma 30.

Matan Maraɗi kafin a yi jami'a

Kuskure ne a ɗauka muryar mace a Maraɗi ta fara ne da boko. Katsinawan da suka kafa masarautar a farkon ƙarni na 19, bayan jihadi ya fitar da su daga Birnin Katsina, sun zo da sarautar Iya. Iya 'yar gidan sarauta ce, ita ce shugabar mata da 'yan bori, kuma mai faɗa a ji ce a fada. A Tsibirin Gobir, maƙwabciyar Maraɗi, Inna ce take riƙe da irin wannan matsayi. A ɗaya ɓangaren yaƙin kuma, a daular Sakkwato, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu (1793 zuwa 1864) ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajjai, wato mata jagorori, su bi ƙauyuka suna koya wa mata karatu ta hanyar waƙa. Ɓangarorin biyu ba sa ga maciji da juna, amma kowanne ya san darajar mace mai jagorancin mata. A yammacin ƙasar akwai Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta yi fito-na-fito da rundunar sojan Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899.

Abin da ya fi kusa da rayuwar yau shi ne Mata Masu Dubara. A 1991, shekarar tattakin Yamai, ƙungiyar agaji ta CARE ta fara wannan tsari tare da matan ƙauyukan jihar Maraɗi. Asalinsa asusu ne da mata suka daɗe da sani: a taru kowane mako, kowacce ta zuba abin da aka yanka, a ba mai buƙata rance, a ƙarshen zango a raba kuɗin da ribarsa. Sabon abu shi ne akwati mai makullai da yawa, da shugaba da ma'aji da masu ƙirga, da ƙa'idar da membobi suka gindaya wa kansu. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Ribarsa ba ta tsaya a kuɗi ba. Macen da ta saba tsayawa gaban 'yan uwanta ta ba da lissafi, ba ta jin nauyin tsayawa gaban maigari, kuma daga cikin waɗannan ƙungiyoyi an samu matan da suka zama kansiloli a ƙananan hukumomi. Wannan makarantar magana ce da ba ta da allo, kuma ta girmi jami'ar garin da kusan shekara ashirin.

Jami'o'in garin

Jami'ar gwamnati ta Maraɗi ta faro ne da cibiyar koyon fasaha a 2008, ta zama cikakkiyar jami'a bayan shekara biyu, daga baya aka sa mata sunan Dan Dicko Dankoulodo, tsohon ministan ilimi wanda ya shugabanci hukumar raya al'adu da fasaha ta ƙasashe masu amfani da Faransanci daga 1974 zuwa 1982. Ana koyar da kimiyya da fasaha, aikin gona da muhalli, da kiwon lafiya. Akwai kuma jami'ar Maryam Abacha mai zaman kanta, wadda ke koyarwa da Turancin Ingilishi kuma ke karɓar ɗalibai da yawa daga Najeriya.

Ɗalibar da ke neman abin koyi a fagen jami'a ba sai ta duba waje ba. Farfesa Bouli Ali Diallo, masaniyar kimiyyar halittu, ta yi ministar ilimi, ta kuma shugabanci Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai daga 1999 zuwa 2005. Aïchatou Mindaoudou, malamar shari'a, ta daɗe tana ministar harkokin waje. Salifou Fatimata Bazeye ce shugabar Kotun Tsarin Mulki da ta ce wa tazarcen Shugaba Tandja a'a a 2009, har aka rushe kotun.

Waɗanda ba su iso ba

Ba a iya maganar muryar mata a jami'a ba tare da ƙirga waɗanda hanya ta yanke musu ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, a jihar Maraɗi kuma adadin ya kai 89. Dokar farar hula ta sa shekarun auren yarinya 15, na namiji 18. Yarinyar ƙauye da ta ci jarrabawar shiga koleji sau da yawa sai an nemo mata uban ɗaki da za ta zauna gidansa a gari, iyaye da dama kuwa ba sa yarda 'yarsu ta kwana gidan wani. A watan Disamba 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare yarinya 'yar makaranta har ta cika shekara 16, daga baya aka fara gina gidajen kwana na 'yan mata. Duk wadda ta samu bak, wato shaidar kammala sakandare, ta shigo jami'a, ta tsallake waɗannan siratsai ne ɗaya bayan ɗaya.

Yadda ake bikin

Alamar da kowa ya fi gani ita ce atamfar 13 ga Mayu, wadda mata suke ɗinkawa su yi anko. Akan yi laccoci da muhawara da wasan kwaikwayo, a ziyarci asibiti ko gidan kaso. Anko yana da daɗi, amma ba shi ne ranar ba. Abin dubawa a jami'a shi ne mata nawa ne suke cikin shugabancin ƙungiyar ɗalibai, wa yake ɗaga hannu a zauren lacca, ina ɗaliba mai goyo za ta ajiye ɗanta, kuma wace ƙofa za ta ƙwanƙwasa idan wani ya nemi ya saye makinta da mutuncinta. Kunya ado ce a wajen Bahaushe, sai dai idan ta hana ɗaliba tambayar abin da ba ta gane ba, asara ta zama.

Akwai kuma aikin da ke jiran ɗalibai da kansu. Sanannen nazari kan aure da rayuwar matan Maraɗi daga 1900 zuwa 1989, wanda Ba'amurkiya Barbara Cooper ta wallafa a 1997, da Ingilishi yake, alhali yawancin ɗaliban garin da Faransanci suke karatu. Tushensa hira ce da tsofaffin mata da Hausa. Irin waɗannan tsofaffi suna nan a unguwannin Bagalam da Mokoyo da Limanci, wasunsu sun ji labarin ambaliyar 1945 da ta tashi tsohon gari daga bakin iyayensu mata, kuma wayar da ke jakar kowace ɗaliba tana naɗar murya.