Matatar katirij ta tace mai da ruwayen masana'antu

Matatar katirij, wadda makanikai suka fi sani da filta, na'ura ce mai siffar gwangwani da ake sakawa a kan hanyar mai ko wani ruwa na masana'anta domin ta riƙe dattin da ke cikinsa kafin ya isa ga sassan inji. Kashi biyu gare ta: gida na ƙarfe ko roba wanda yake zaune daram a jikin bututu, da katirij ɗin da ke cikinsa, wanda ake zarewa a sa sabo idan ya cika. Ana amfani da ita wajen tace baƙin mai, da man haidirolik na katafila da injinan ɗaga kaya, da man dizal, da man taransifoma, har ma da fenti da sinadarai.

A shekarar 1923 ne Ernest Sweetland da George Greenhalgh suka fito da matatar man mota a Amurka, wadda aka sayar da sunan Purolator. Samfurin da ake murɗawa a jikin inji, a jefar da shi duk da gwangwaninsa, ya yaɗu ne daga shekarun 1950.

Abin da ya sa matatar take da muhimmanci shi ne, dattin da ya fi lalata inji ba ya ganuwa. Ana auna girmansa da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin mutum ya kai kimanin maikiron 70, ido kuwa ba ya ganin abin da ya gaza maikiron 40, alhali tazarar da ke tsakanin sassan famfon haidirolik da bawul-bawul ɗinsa 'yan maikiron ce kawai. Ƙwayar da ta yi daidai da wannan tazara ita ce ke kutsawa ta kankare ƙarfe, ɓarɓashin da ta kankaro kuma ya shiga mai ya ci gaba da cin boris da sauran sassa. Saboda haka man da mutum ya ɗaga a kwalba ya ga ya yi garau yana iya zama cike da abin da zai kashe famfo. Ko sabon mai daga ganga bai cika kaiwa tsabtar da injin haidirolik ke bukata ba, shi ya sa masana'antu masu kula suke tace shi kafin su zuba. A yankunan da ƙurar hunturu ke lulluɓewa, ɗawainiyar ta fi yawa, domin ƙurar tana ɗauke da yashi mai tauri wanda ke karce ƙarfe.

Yawancin katirij ana yin su ne da takarda ko zaren gilashi da aka kalmashe ninki-ninki domin fili mai faɗi ya shiga ƙaramin wuri. Mai yana shiga daga waje ya ratsa ninkin, ya fita ta bututun tsakiya. Zaren gilashi ya fi takarda siranta da daidaituwar ƙofofi, don haka ya fi ta kama ƙananan ƙwayoyi, sai dai ya fi tsada. Akwai na ragar ƙarfe da ake wankewa a mayar, akwai na zare da aka naɗe a kan sanda, akwai kuma waɗanda aikinsu raba ruwa da mai, kamar na injinan dizal.

Adadin maikiron da ake bugawa a jikin kwali shi kaɗai ba hujja ba ne, kuma a nan ne masu saye suka fi ruɗuwa. Ma'aunin da ya kamata a nema shi ne na beta, wanda ake samu ta wani gwaji na ƙasa da ƙasa mai suna ISO 16889: ana ƙirga ƙwayoyin wani girma kafin matata da bayanta, a raba na farko da na biyu. Beta 2 na nufin rabi kawai take kamawa, beta 200 kashi 99.5 cikin ɗari, beta 1000 kuwa kashi 99.9. Tsabtar man kansa ana bayyana ta da lambobi uku na ISO 4406, misali 18/16/13, waɗanda ke nuna yawan ƙwayoyi masu girman maikiron 4 da 6 da 14 zuwa sama a cikin mililita ɗaya. Duk lambar da ta ƙaru da ɗaya, datti ya kusan ninkawa ke nan.

Yayin da katirij ke cika, bambancin matsi tsakanin mashiga da mafita yana hawa, kuma da wannan ake gane lokacin canji, ta agogo ko alamar da ke kan gidan. Idan aka yi sakaci, wani bawul na kewaye yana buɗewa ya bar mai ya wuce ba tare da tacewa ba, domin gara mai datti da inji ya bushe. Haɗarin shi ne, inji yana ci gaba da aiki lafiya a ido, mai shi bai san tacewa ta tsaya ba. Bawul ɗin yakan buɗe na ɗan lokaci kuma idan aka tayar da inji cikin sanyi mai ya yi kauri. Katirij ɗin takarda ba a wanke shi da fetur ko a busa masa iska a mayar, domin hakan yana yaga ƙofofinsa, kuma duk lokacin canji ana sauya robar bakinsa tare da shi, tunda ko ƙaramar kafa ce a wurin, mai zai bi ta nan ya bar matatar.