Aikin rabon karta a gidan caca: inda dokar Saudiyya ta tsaya

A 'yan shekarun nan wata talla tana yawo a wayoyin samarinmu na Jidda da Makka da Madina. Ana cewa ana neman masu rabon karta a teburin foka, albashi da dala, masauki kyauta, horo na 'yan makonni, ba a buƙatar takardar makaranta. Wani lokaci a ce aikin a ƙasar waje yake, wani lokaci a ce a nan cikin gari ne, a wata istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, da manyan mutane ke haɗuwa daren Alhamis. Saurayin da aka haifa a Shara Mansur ko Karantina, wanda ya iya Larabci kamar ɗan ƙasa, ya ɗan taɓa Turanci, amma ya rasa aikin da zai riƙe shi, dole wannan magana ta shiga kunnensa. Abin da yake faɗa wa iyayensa kusan iri ɗaya ne ko'ina: "Baba, ni fa ba caca zan yi ba, rabawa kawai zan yi a biya ni."

A wani ɓangare gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganar ke ruɗar mutane. A wasan foka mai rabo ba ya zuba kuɗinsa, ba ya ci, ba a cinye shi. Yana zaune a tsakiyar tebur, ya cakuɗa karta 52, ya miƙa wa kowa nasa, ya lura da wanda layi ya zo kansa, ya tattara 'yan faifan robar da ke madadin kuɗi zuwa tsakiya, ya bayyana wanda ya yi nasara, ya tura masa abin da ya ci. 'Yan wasan junansu suke ci. Gidan kuma yana yankar wani ɗan kaso daga kuɗin da aka tara a kowane zagaye, kuma hannun mai rabo ne ke yankar wannan kaso ya jefa a akwatin gidan. Idan babu shi wasa ba ya tafiya, mai gida ba ya samun ko sisi.

A ƙasashen da suka halatta abin, sana'a ce mai tsauri. A jihar Nebada ta Amurka, inda birnin Las Begas yake, ma'aikacin gidan caca sai an yi masa rajista da hukumar kula da caca, an ɗauki zanen yatsunsa, an binciki tarihinsa. A Birtaniya, ƙarƙashin dokar caca ta 2005, mai rabo yana riƙe da lasisin kansa daga hukumar caca ta ƙasa. Kafin a ɗauke shi ana zaunar da shi a tebur a ga hannunsa da saurin lissafinsa. Bayan an ɗauke shi kyamara tana bisa kansa dukan lokacin aiki, ana sauya masa tebur kusan kowane rabin sa'a, kuma a Amurka mafi yawan abin da yake samu ihsanin 'yan wasa ne, albashin kansa ƙarami ne. Na kawo wannan ne don a ga yadda aikin gaske yake, domin duk tallar da ta ce za a ɗauke ka ta WhatsApp cikin kwana biyu ba tare da an tambayi takardar shaidar rashin laifi ba, ba wannan aikin take nufi ba.

To a Saudiyya fa? Babu gidan caca ko ɗaya mai lasisi a faɗin ƙasar, kuma babu hukumar da ke da ikon bayar da irin wannan lasisi. Tushen maganar yana cikin Dokar Tsarin Mulki ta 1992, wadda sashenta na farko ya ce Alƙur'ani da Sunna su ne kundin tsarin mulkin ƙasa. Haramcin caca kuwa a fili yake a aya ta 90 da ta 91 cikin Suratul Ma'ida, inda aka jera ta tare da giya, kuma aya ta 2 a wannan sura ta hana taimakekeniya a kan zunubi. Alƙalin kotun laifuka a Jidda ba ya buƙatar wata doka ta daban kafin ya kira caca laifi. Tana cikin laifukan ta'aziri, wato waɗanda Shari'a ta haramta amma ba ta yanka musu haddi ba, aka bar wa alƙali ya auna. Tun 2020 aka daina bulala a hukuncin ta'aziri, aka koma ga ɗauri da tara. Abin da ya kamata saurayinmu ya gane shi ne, tunda awon na hannun alƙali, zai duba rawar da kowa ya taka. Wanda ya zo ya zuba kuɗi dare ɗaya daban, wanda kuma yake tafiyar da teburin kowane mako yana yankar kason mai gida daban. Hujjar "rabawa kawai nake yi" a gaban alƙali ikirari ce cewa kana cikin masu shirya abin.

Akwai masu kawo misalin balot. Gaskiya ne Saudawa na son wannan wasan karta, kuma a 2018 an yi gasarsa a hukumance a Riyad har da kyautar kuɗi. Karta ita kanta ba a hana riƙe ta ba. Inda layin yake shi ne 'yan wasa su zuba kuɗinsu, wanda ya ci ya kwashe na sauran. Foka ta gidan caca a kan wannan aka gina ta gaba ɗaya.

Dokar da ta fi kama yaranmu a yau ita ce ta laifukan intanet, wadda aka kafa a 2007. Sashe na 6 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5, da tarar da za ta iya kai Riyal miliyan 3, ko ɗaya daga cikinsu, ga jerin laifuka, kuma a cikin jerin an ambaci shiryawa ko yaɗawa ko tallata abin da ya shafi harkar caca. Sashe na 9 ya jawo wanda ya zuga, ko ya taimaka, ko ya haɗa baki. Sashe na 13 ya ba kotu ikon ƙwace na'urorin da aka yi amfani da su da kuɗin da aka samu. Ma'anar wannan a aikace tana da faɗi. Wanda ya zauna a ɗakinsa a gaban kyamara yana raba karta ga 'yan wasan da ke kallonsa ta waya ya shiga. Wanda aka ba lambar talla aka ce duk wanda ya yi rajista ta hannunsa yana da kamasho ya shiga. Har wanda ya tura tallar neman ma'aikatan zuwa zauren WhatsApp na 'yan unguwa da niyyar taimako ya sa ƙafarsa a wuri mai santsi. Hukumar sadarwa tana toshe shafukan caca, kuma zagaye toshewar da manhaja ba ya mayar da laifin halal, sai dai ya nuna mutum ya san abin da yake yi.

Sai maganar kuɗi, wadda a ganina ita ce mafi haɗari, domin nan ne ake amfani da talaka a matsayin garkuwa. Mai teburin ɓoye ba ya son kuɗi su bi ta asusunsa. Sai ya ce wa mai rabo, "'Yan wasa za su tura maka, kai kuma ka ciro ka kawo min." Direban da albashinsa bai wuce abin da kowa ya sani ba, kwatsam dubban Riyal suna shiga asusunsa daga mutane daban-daban da tsakar dare. Banki yana gani, kuma wajibi ne a kansa ya kai rahoto. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2017 ta tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 10, ko tarar da za ta iya kai Riyal miliyan 5, ko duka biyun, kuma baƙon da aka samu da laifin ana fitar da shi daga ƙasar bayan ya gama zaman gidan yari. Sunan da ke kan asusun shi Niyaba, wato ofishin masu gabatar da ƙara na gwamnati, za ta fara kira. Mai gidan, wanda babu sunansa a ko'ina, yana iya cewa bai taɓa ganin ka ba.

Ko da an ajiye caca gefe, dokar ƙwadago da dokar zaman baƙi sun riga sun rufe ƙofar. Kowace igama, wato takardar izinin zaman baƙo, tana ɗauke da sana'ar mai ita da sunan wanda yake yi wa aiki. Sashe na 39 na Dokar Ƙwadago ya hana ma'aikaci yin aiki ga wanda ba kafilinsa ba, wato ba ubangidan da igamarsa ke ƙarƙashinsa ba, ko yin aikin kansa, sai ta hanyar da hukuma ta tsara. Gyaran da aka fara aiki da shi a watan Maris na 2021 ya sauƙaƙa sauya wurin aiki ta manhajar Qiwa da neman bizar fita ta Absher, amma sauyin daga kamfani mai rajista ne zuwa kamfani mai rajista, kuma masu aikin gida da direbobin gida ba su cikin wannan gyara. Babu kamfani mai rajistar caca, babu sana'ar rabon kartar caca a jerin sana'o'in da ake rubutawa a igama. Wanda ya shigo da bizar umara ko ta ziyara kuwa ba shi da izinin kowane irin aiki tun farko. Saboda haka ranar da 'yan sanda suka shiga istirahar, ɗan ƙasa zai fuskanci tuhuma guda ya koma gidansu bayan hukunci, ɗan'uwanmu kuma zai fuskanci ta caca da ta saɓa dokar aiki, daga nan sai tarhil, wato korar baƙo daga ƙasa, a kai shi cibiyar tsare baƙi ta Shumaisi, a ɗauki zanen yatsunsa, a sa shi jirgi. Ga wanda aka haifa a Makka, wanda bai san Kano ko Damagaram ba sai a bakin kakarsa, wannan raba shi ne da uwa da ƙanne da duk abin da ya sani.

Idan kuma mai teburin ya hana ka haƙƙinka, babu inda za ka kai ƙara. Dokar mu'amalolin farar hula ta 2023 ta ɗauki yarjejeniyar caca a matsayin ɓatacciya, kuma kotun ƙwadago ba za ta karɓo maka ladan aikin da shi kansa laifi ne ba. Masu irin wannan harka sun san haka sarai, shi ya sa suke son baƙi.

Saura tayin ƙasar waje. Gaskiya ne akwai gidajen caca na halal a dokokin wasu ƙasashen Larabawa. A Masar suna cikin manyan otal, baƙi masu fasfon waje ne ke wasa. Labanon tana da nata tun 1959, Maroko ma tana da su. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta kafa hukumar kula da wasannin kuɗi a 2023, kuma a 2024 ta ba kamfanin Wynn lasisi don wurin da yake ginawa a Ras al-Khaima. Wannan labari ne 'yan damfara suka riƙe suna cewa "ai yanzu yankin Gulf ya buɗe." Lasisin wata ƙasa iyakarsa iyakar ƙasar. Jirgin ruwan yawon buɗe ido na Saudiyya, Aroya, da ya fara tashi daga Jidda a ƙarshen 2024, ba shi da gidan caca a cikinsa.

Mafi muni shi ne tayin da ke kai mutum kudu maso gabashin Asiya. A 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa aƙalla mutum 120,000 a Myanmar da kusan 100,000 a Kambodiya ake tsare da su ana tilasta musu damfarar mutane ta intanet, da yawa a gine-ginen da ke da alaƙa da gidajen caca. Da tallar aiki mai kyau aka kai su. Ana isa a karɓe fasfo, a ce akwai bashin jirgi da masauki, a rufe ƙofa. Ƙasar Filifin, bayan ta ga irin ɓarnar da ke fakewa a kamfanonin cacar intanet masu hulɗa da waje, ta haramta su a 2024. Matashin da ya iya Larabci da Hausa da Turanci yana da daraja a wurin waɗannan mutane, domin da harshensa za su cuci wasu. Kuma wanda ya bar Saudiyya da bizar fita ta ƙarshe ya rabu da igamarsa ke nan, idan abin ya ɓaci can ba shi da ƙofar dawowa nan sai da sabon kafili da sabuwar biza.

Wanda aka yi wa irin wannan tayi kada ya tura hoton fasfonsa ko na igamarsa, kada ya biya kuɗin horo ko na "buɗe fayil", kada ya ba kowa aron asusunsa na banki ko layin wayarsa. Aikin halal a Saudiyya yana zuwa da kwantiragi da za ka gani a Qiwa, ko a Musaned idan aikin gida ne, da sunan kamfani da sana'a a rubuce. Ana iya kai rahoton tallar ta manhajar Kulluna Amn, kuma ma'aikatar ƙwadago tana amsa tambaya a lambar 19911. Wanda ya riga ya shiga, aka riƙe masa fasfo ko ake masa barazana, ya sani Saudiyya tana da dokar yaƙi da safarar mutane tun 2009, mai hukuncin da ya kai ɗaurin shekara 15 ga mai safarar. Ya nemi lauya kafin ya sa hannu a kowace takarda, ya nemi tafinta idan Larabcin kotu ya fi ƙarfinsa, iyalinsa kuma su sanar da ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarsa da ke Jidda tun ranar farko.

Hannun da ya iya lissafin kuɗi da sauri, da ido mai lura, da haƙurin mu'amala da mutane masu zafin rai, su ne abin da otal-otal na Makka da Madina, da kamfanonin jigilar alhazai, da manyan kantuna ke nema kowace shekara, musamman ga wanda zai iya magana da alhazan Najeriya da Nijar da harshensu.