Katin bashin tafiye-tafiye mai tsadar kuɗin shekara

Katin bashin tafiye-tafiye mai tsada wani nau'in katin kiredit ne da bankuna ke bayarwa, akasari a Amurka, mai katin yana biyan kuɗin shekara masu nauyi, daga dala 395 har kusan dala 900, su kuma su ba shi maki, wanda zai iya canzawa zuwa tikitin jirgi da makamantansa, a kan duk sayayyar da ya yi, da izinin shiga falon hutawa a filayen jirgin sama, da inshorar tafiya, da wasu rangwame. Fitattu a ciki su ne Platinum na American Express, da Sapphire Reserve na bankin Chase, da Venture X na Capital One. Duk shekara in kuɗin ya faɗo a asusu sai tambaya ɗaya ta taso wa mai katin, a ci gaba da riƙe shi ko a rabu da shi.

Asali

Tun farko don matafiya aka yi katin. Diners Club, wanda Frank McNamara da abokansa suka kafa a birnin New York a 1950, 'yan kasuwa ne ke biyan kuɗin abinci da shi a gidajen cin abinci sannan su biya kamfanin gaba ɗaya a ƙarshen wata. Ana yawan ba da labarin wai ya manta walat ɗinsa ne a wani gidan abinci a 1949, amma masu bin tarihi da dama na ganin labarin talla ne aka ƙawata. American Express, wanda dama an san shi da cekin matafiya, ya fito da nasa katin a 1958, sai Gold a 1966, sai Platinum a 1984 a kan dala 250 a shekara, kuma a lokacin ba nema ake yi ba, sai wanda kamfanin ya gayyata. Babu maki a wancan zamanin, abin da ake saye shi ne hidima da martaba.

Makin kuwa ta wajen jiragen sama ya shigo. Bayan dokar 1978 da ta cire hannun gwamnatin Amurka daga ƙayyade kuɗin tikiti, gasa ta yi zafi, sai American Airlines ya ƙaddamar da shirin AAdvantage a 1981 inda fasinja ke tara mil gwargwadon nisan tafiyarsa. Wajen 1987 aka haɗa wannan shiri da katin Citibank, daga nan mutum yana iya tara mil ko bai taka jirgi ba, cefane kawai ya isa. American Express ya bi sahu da nasa shirin makin a 1991. Priority Pass, kamfanin da ke sayar da izinin shiga faluka a filayen jirgi na duniya, a 1992 aka kafa shi, falon Centurion na farko kuma, wato falon da American Express ke buɗe wa masu katinsa, a Las Vegas aka buɗe shi a 2013.

Abin da ya faru a 2016

A watan Agustan 2016 Chase ya fito da Sapphire Reserve, kuɗin shekara dala 450, amma za a mayar wa mutum dala 300 na duk abin da ya kashe a tafiya, jirgi ne ko otal ko tasi, ba sai ya cika wani fom ba, ga tukuicin maki 100,000 ga wanda ya kashe dala 4,000 a wata uku na farko. Jama'a suka yi ta rububi, musamman matasa, har katunan, da yake da ƙarfe ake yin su, suka ƙare bankin ya koma tura na roba na wucin gadi, shugaban bankin Jamie Dimon da kansa ya ce katin zai rage musu riba da dala miliyan 200 zuwa 300 a wata ukun ƙarshe na shekarar. A wancan lokacin lissafin bai da wuya, a cire 300 daga 450, saura 150, duk wanda ke tafiya ko sau biyu a shekara ya ci riba.

To daga nan kuɗin ya fara hawa. Sapphire Reserve ya koma 550 a 2020, sai 795 a 2025. Platinum ya tashi daga 450 zuwa 550 a 2017, 695 a 2021, 895 a 2025. Venture X da ya shigo a ƙarshen 2021 a kan 395 shi ne mai sauƙi a cikinsu. Kuma ba kuɗin kaɗai ya canza ba, yanayin amfanin ma ya canza, yanzu rangwamen a yayyanke yake zuwa, misali na Uber a katin Platinum dala 15 ne kowane wata da ƙari a Disamba, watan da ba a yi amfani da shi ba ya tafi kenan, na jirgi dala 200 kuma na kuɗin kaya ne da makamantansu a kamfani ɗaya da mutum ya zaɓa, ba na tikiti ba. Faluka ma sun cika har ana layi a ƙofa, shi ya sa daga Fabrairun 2023 shigar da baƙo falon Centurion ya koma dala 50 ban da wanda ya kashe dala 75,000 a shekara, kamfanin jirgin Delta kuma ya ƙayyade wa masu Platinum shiga falukansa sau goma a shekara daga 2025.

Inda kuɗin ke fitowa

Hanya uku ce. Kuɗin shekara, kuɗin ruwa, da kamashon da ake cira daga ɗan kasuwa duk sanda aka goga kati, wanda a Amurka ya kan kai kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari a irin waɗannan katunan. Bankuna kuma sayen mil suke daga kamfanonin jirgi, a 2023 Delta ya samu kusan dala biliyan 6.8 daga American Express, a lokacin korona ma United da Delta da American shirin mil ɗinsu suka jinginar suka ci bashin biliyoyi.

Lissafin riƙewa

A nan ne mutane suka fi ruɗuwa, domin banki zai ce amfanin katin ya haura dala dubu biyu ko uku a shekara, kuma in an tara komai haka ne, sai dai rangwamen da za a ƙirga shi ne kawai na abin da dama mutum zai saya ko babu katin. Wanda ya je wani gidan abinci mai tsada don kada rangwamen dala 100 ya wuce shi, ya ƙara 80 daga aljihunsa, bai ci ribar 100 ba, 80 ya kashe. Falon filin jirgi ma kimarsa ita ce kuɗin abinci da ruwan da mutum zai saya a waje, sau nawa yake tafiya, kuma shin filin garinsu na da falon ma tukuna.

Sannan ba da sifiri ake kwatantawa ba, da katin da ke ƙasa da shi ake yi. Misali Sapphire Reserve 795, a cire 300 na tafiya, saura 495, ƙaninsa Sapphire Preferred 95 ne, bambanci 400 kenan. In ana kimanta maki ɗaya a santi ɗaya, sai mutum ya samu ƙarin maki 40,000 a shekara ko wani amfani na gaske daidai da haka kafin ya dawo da kuɗinsa. Akwai kuma katunan da ba su da kuɗin shekara ko sisi suna mayar da kashi 2 cikin ɗari tsaba. Makin ya kan fi santi ɗaya daraja in an tura shi shirin kamfanin jirgi aka yanki tikitin kujerar manya na doguwar tafiya, amma wannan sai mai sassaucin ranar tafiya, wanda dole sai a lokacin hutun makaranta ko ƙarshen shekara zai tafi da iyali, kamar 'yan Afirka ta Yamma mazauna Amurka masu zuwa Legas ko Akara, da wuya ya samu kujeru huɗu ko biyar da maki mai sauƙi. Kamfanonin kuma suna iya ƙara yawan makin tikiti duk sanda suka ga dama, don haka tara shi shekara da shekaru asara ce.

Shekarar farko dabam take saboda tukuicin shiga, ta biyu ita ce ma'auni. Wanda kuma ba ya biyan bashinsa duka a ƙarshen wata babu wani lissafi da zai fitar da shi, kuɗin ruwan ya haura kashi 20 cikin ɗari, bashin dala 3,000 a kan kashi 22 kusan dala 660 ne a shekara, ya cinye makin har ya taɓa uwar kuɗi.

Sokewa da abin da ke kusa da ita

Ba dole sai sokewa ba. Ana iya kiran banki a ce ana tunanin rufewa, wani lokaci su ba da maki ko ragi don a zauna, wani lokaci ba su ba da komai. Ana iya sauke katin zuwa ƙarami na banki ɗaya bayan ya shekara, asusun ya zauna da tarihinsa. In sokewar ce, yawanci ana mayar da kuɗin shekara idan an rufe cikin kwana 30 da faɗowarsa, amma a fara kwashe makin, domin in shi ne kati na ƙarshe a shirin makin zai iya salwanta, kuma American Express na iya ƙwace tukuicin shiga daga wanda ya rufe kafin wata 12. Makin cancantar bashi na FICO kan ɗan sauka saboda jimillar bashin da aka yarje wa mutum ta ragu, asusun da aka rufe lafiya kuwa ya kan zauna a rahoto har shekara 10. Sojojin Amurka da ke bakin aiki ana yafe musu kuɗin shekarar a manyan bankunan.

Taƙaddama

Binciken wasu masana na babban bankin Amurka ya nuna masu ƙaramin ƙarfi da masu biya da tsaba su ke ɗaukar wani ɓangare na nauyin makin, bankuna sun musanta. Ƙudirin sanata Dick Durbin da Roger Marshall na 2022 kan gasa a harkar kamashon bai zama doka ba. Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya a zamanta na Riyad a 2000 ta haramta katin da ke da sharaɗin kuɗin ruwa ko da mai shi na da niyyar biya kan lokaci, wasu malaman ƙasashen Yamma kuma sun sassauta saboda buƙata.

A wajen Amurka

Tarayyar Turai ta ƙayyade kamashon katin kiredit a kashi 0.3 cikin ɗari tun 2015, shi ya sa makin can bai kai na Amurka ba. Akwai irin katunan a Ingila da Kanada da Daular Larabawa da Singafo, da sharuɗɗa dabam dabam.