Kuɗi ba ya ƙara wa titin jirgi tsawo

A majalisarmu ta shayi a Njamena, an daɗe ana cewa mai kuɗi in ya yi hayar jirgin alfarma, zai sauka ne a ƙofar otal ɗinsa a kan tsaunukan Alfas, inda ake wasan zamiya kan ƙanƙara. Ba haka ba ne.

Ɗauki Courchevel, wani garin wasan ƙanƙara a tsaunukan Faransa. Filin jirginta yana kimanin mita 2,000 sama da teku, titinsa kuma mita 537 kacal, gangare ne mai sama da kashi 18 cikin ɗari. Namu na Njamena ya kai mita 2,800. A can sama iska siririya ce, fukafukai da injin ba sa samun abin riƙewa sosai, sai jirgi ya buƙaci doguwar hanya. Zafin watan Afrilu ma yana yi wa jirage haka a nan. A Courchevel kuma matuƙi ba ya da damar sake tashi in ya kuskure sauka, dutse ne a gabansa, shi ya sa sai mai horo na musamman.

Alhajin da ya yi hayar babban jirgin, a birnin Janiba na Suwizalan ko Chambéry na Faransa zai sauka, sannan ya hau helikwafta ko mota. In hazo ya rufe, motar ce dole.