A sa shi barci ko a bar shi a farke? Waiwaye kan tiyatar ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwa ce ke sanar da mutum duk wani zafi a jikinsa, amma ita kanta ba ta jin kaifin wuƙa. Fatar kai ce mai ji, sai tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwar. Shi ya sa tun farko damuwar likitocin wannan fanni ta wuce kashe zafi. Ƙoƙon kai a rufe yake. Idan ƙwaƙwalwa ta kumbura ko jini ya cika ta, ba ta da wurin zuwa, kuma maganin barcin ma yana iya jawo hakan.

A Boston aka fara nuna wa jama'a tiyata da eta, wani ruwa da ake shaƙar tururinsa a yi barci, ranar 16 ga Oktoba 1846. Kulorofom ya biyo baya a 1847. Victor Horsley, likitan da ya soma aikinsa na fiɗar ƙwaƙwalwa a Landan a 1886, ya guji eta saboda tana tayar da jini ta ƙara zubarsa. Sai ya riƙe kulorofom, duk da an san shi da tsayar da zuciya ba sallama.

Harvey Cushing kuwa, wanda daga baya ya zama likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, yana ɗalibi a jami'ar Harvard wani majiyyaci ya rasu yana cikin shaƙa masa eta. Abin ya tsaya masa a rai. A tsakiyar shekarun 1890 shi da abokinsa Ernest Codman suka fito da takardar rubuta bugun zuciya da numfashin majiyyaci ana cikin aiki. A 1901 ya ga na'urar awon jini ta Riva-Rocci a Pavia ta Italiya, ya kai ta Amurka. A ganina wannan takarda ta fi yawancin magungunan zamanin amfani, domin da ita aka rage lalube a cikin duhu.

Duk da haka eta ba ta daina ba da wahala ba. Tari, amai da yunƙuri suna sa ƙwaƙwalwa ta turo ta inda aka buɗe. Wajen 1913 Thierry de Martel a Faris ya koma yi wa fatar kai allurar kashe zafi, majiyyaci yana zaune ido biyu, Cushing ma ya bi sahu daga baya. Zuwan wuƙar lantarki ta Bovie a 1926 ya ƙara wa wannan hanya ƙarfi, tunda eta na kamawa da wuta, wuƙar kuma tana tartsatsi. Wilder Penfield a Montreal ya ci moriyar farkawar sosai: yana taɓa ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya da 'yar lantarki, suna faɗa masa abin da suka ji, har ya gane wane sashe ne ke wane aiki.

Bututun numfashi da ake zurawa a maƙogwaro ne ya dawo da cikakken barci, tare da allurar barci ta tiyofental a 1934 da kurare mai sassauta tsoka a 1942. Da numfashi ya koma hannun likitan barci, sai ya zama shi ke juya jinin da ke shiga kai: ya ƙara saurin numfashin, gurɓatacciyar iskar da ke cikin jini ta ragu, jijiyoyi su tsuke, ƙwaƙwalwa ta kwanta. Manitol, mai janye ruwa daga ƙwaƙwalwa, ya shigo a farkon shekarun 1960.

Maganin barci na propofol, wanda ya bazu a ƙarshen shekarun 1980, yana sakin mutum da wuri, ya farka garau. Da shi aka sami damar haɗa hanyoyin biyu. Yau idan ƙari ya fito kusa da sashen magana, ana sa majiyyaci barci a buɗe ƙoƙon, a tashe shi yana ƙirga yana faɗin sunayen hotuna, inda harshensa ya sarƙe likita ya kauce wa wurin, sannan a mayar da shi barci a ɗinke.