'Yan'uwan Smothers

'Yan'uwan Smothers, wato Tom Smothers da ƙanensa Dick Smothers, mawaƙa ne kuma 'yan wasan barkwanci na ƙasar Amurka, waɗanda suka shafe shekara 51 suna hawa dandamali tare, daga 1959 zuwa 2010. Tom ne mai jita. Dick kuma yana kaɗa bas, ƙaton abin kiɗan nan mai tsirkiya huɗu da ake kafawa a ƙasa, tsayinsa ya kusa kai na mutum. Sun yi suna ne da rera waƙoƙin gargajiyar Amurka waɗanda ba kasafai suke kai su ƙarshe ba, domin musu yakan sarƙe tsakaninsu tun kafin a yi nisa. An fi tunawa da su saboda shirinsu na talabijin mai suna The Smothers Brothers Comedy Hour, wanda tashar CBS ta nuna daga 1967 zuwa 1969, ta kuma soke shi bayan doguwar taƙaddama a kan abin da ya halatta a faɗa a gaban jama'a.

Asali

An haifi Tom ranar 2 ga Fabrairu 1937, Dick kuma ranar 20 ga Nuwamba 1938, dukansu a birnin New York. Mahaifinsu manjo ne a sojan Amurka. Japanawa sun kama shi a Filifin lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya rasu a hannunsu a 1945. Mahaifiyarsu Ruth ce ta yi ɗawainiyarsu a kudancin jihar Kalifoniya, inda suka yi sakandare a garin Redondo Beach, daga nan suka wuce kwalejin San Jose. Wannan maraici yana da muhimmanci ga wanda zai fahimci abin da ya biyo baya, domin mutanen da aka zo ana zargi da rashin kishin ƙasa 'ya'yan soja ne da ya mutu a ɗaure saboda ƙasar.

A watan Fabrairun 1959 suka fara wasan kuɗi a wani ƙaramin gidan nishaɗi da ake kira Purple Onion a San Francisco. Lokacin waƙoƙin gargajiya suna tashe a tsakanin ɗaliban jami'a, kuma mawaƙansu sukan ɗauki abin da nauyi ƙwarai: kafin kowace waƙa sai an yi dogon bayani a kan asalinta, an faɗi ko ta masu haƙar ma'adinai ce ko ta ma'aikatan layin dogo. Tom ya fara yin irin wannan bayani, amma nasa shaci-faɗi ne tsagwaronsa. Jama'a suka yi ta dariya. Da Dick ya fara katse shi yana gyara masa, sai wasan ya samu siffar da ya riƙe har ƙarshe. A watan Janairun 1961 suka fito a shirin dare na Jack Paar, ƙasar duka ta gan su, a shekarar kuma faifansu na farko ya fito.

Salon wasansu

A kan dandamali Tom, wanda shi ne babba, yakan zama kamar yaro ɗan shekara bakwai: yana in'ina, yana zare ido, ga saurin fushi, ga ƙaryar da ba ta da kai. Dick yakan tsaya a gefe da bas ɗinsa, cikin natsuwa, yana bin yayansa da tambaya ɗaya bayan ɗaya har sai ya ƙure shi. Idan Tom ya ga ba mafita, sai ya tunzura baki ya jefo maganar da ta zama tambarinsu, wadda ma'anarta ita ce, "Ai dama Mama ta fi son ka!" Maganar ba ta da wata alaƙa da abin da ake musu a kai, kuma duk wanda ya tashi gida ɗaya da wa ko ƙane ya san daga inda take fitowa. Da ita suka sa wa faifansu na 1965 suna.

Misali ɗaya ya isa ya nuna yadda suke gina abin. Suna cikin waƙa, sai Tom ya rera cewa ya taɓa faɗawa cikin randar cakulan. Dick ya tambaye shi cikin waƙa, to me ka yi da ka faɗa? Tom ya ce ihu ya yi, yana cewa gobara. Nan Dick ya dakatar da kiɗa, ya juyo ya dube shi: cikin cakulan ka faɗa, me ya kawo gobara? Tom ya amsa cewa ai da ya yi ihun cakulan ba wanda zai zo ceto. A wani wasan kuma, a tsakiyar waƙa Dick yakan miƙa masa baiti ya ce ya karɓa, kamar yadda mawaƙa suke yi, Tom ya ce a'a, bai karɓa. Daga wannan a'a guda ɗaya sukan ja musu na tsawon mintoci a kan ko mawaƙi yana da ikon ƙin karɓar baiti.

Abin da ake yawan mantawa shi ne sun iya waƙar da gaske. Muryoyinsu suna haɗuwa da kyau, kuma da ba don haka ba da katsewar ba ta yi armashi ba, tunda sai mai sauraro ya fara jin daɗin waƙa sannan zai damu da an tsinke ta. Aikin Dick ma ya cancanci yabo fiye da wanda ya samu. Shi ne mai riƙe igiya. Ya san daidai daƙiƙar da zai yi shiru da wadda zai sako tambaya, kuma fushinsa a kan shirmen Tom yakan fito kamar na gaske.

Shirin CBS

Sun fara gwada wani wasan kwaikwayo na talabijin a tashar CBS a 1965 zuwa 1966, inda Tom ya fito a matsayin mala'ika. Bai yi nasara ba, Tom kuma ya tsane shi, saboda an raba su da kayan kiɗansu, an hana su ta cewa a kan rubutu. Don haka da CBS ta sake nemansu, sharaɗinsa shi ne a bar musu ragamar shirin.

Lokacin da aka ba su, ƙarfe 9 na daren Lahadi, ba wanda yake so. A wannan sa'a tashar NBC take nuna Bonanza, wasan kaboyi da ya fi kowane shiri masu kallo a ƙasar, kuma shirye-shiryen da CBS ta jera masa a baya sun sha ƙasa. Nasu ya fara ranar 5 ga Fabrairu 1967, cikin 'yan watanni ya shiga sahun shirye-shirye 20 da aka fi kallo. Shugabannin tashar sun zaci sun ɗauko samari biyu masu gajeren aski da jajayen kwat waɗanda ba za su tada wa kowa hankali ba. Ba su san cewa wawan dandamali shi ne mai taurin kai a bayan labule ba. Tom ya tara matasan marubuta, cikinsu akwai Steve Martin da Rob Reiner da Mason Williams da Bob Einstein, ya buɗe ƙofa ga mawaƙan da matasa suke so. A nan ne, a watan Satumbar 1967, mai gangar ƙungiyar mawaƙa ta The Who, Keith Moon, ya cusa abin fashewa fiye da ƙima a cikin gangarsa, ta tashi a ƙarshen waƙa har gashin mai jitarsu, Pete Townshend, ya babbake. Pat Paulsen, wani ɗan wasan shirin mai fuskar da ba ta murmushi, ya yi takarar shugaban ƙasa ta wasa a 1968.

Amma zamanin na yaƙin Biyetnam ne, ana kwasar samari aikin soja dole, ga gwagwarmayar baƙaƙen fata ta neman 'yanci. Shirin ya shiga taɓo waɗannan batutuwa, masu tace shirye-shirye na tashar kuma suka ɗauko almakashi. Rigimar da ta fi shahara ita ce ta Pete Seeger, mawaƙin da manyan tashoshi suka daɗe da rufe wa ƙofa saboda ra'ayinsa na siyasa. A Satumbar 1967 suka gayyace shi, ya rera waƙa a kan wani kyaftin da ya tilasta wa sojojinsa tsallaka kogi, ruwa yana cin su zuwa ƙugu, zuwa wuya, shi kuwa yana cewa a ci gaba. Kowa ya gane da Shugaba Lyndon Johnson da yaƙinsa na Biyetnam ake. CBS ta yanke waƙar. Tom ya kai ƙara wurin 'yan jarida, ya yi ta hura wuta, har a Fabrairun 1968 aka bar Seeger ya dawo ya rera ta.

Daga nan kusan kowane mako da nasa rikicin. An cire waƙar Harry Belafonte gaba ɗaya, saboda an haɗa ta da hotunan tarzomar da aka yi a Chicago lokacin babban taron jam'iyyar Democrat na 1968. Mawaƙiya Joan Baez ta sadaukar da waƙa ga mijinta da za a ɗaure, aka bar maganar ɗaurin, aka yanke inda ta bayyana cewa ƙin shiga soja ne dalili. Wani wasa na ɗan barkwanci David Steinberg da ya kwaikwayi wa'azi ya jawo wasiƙun ƙorafi masu yawa, kuma a nan dole a yi adalci: masu ƙorafin mutane ne da suka ji an taɓa musu addini a cikin ɗakunansu, ba 'yan koren gwamnati ba. Tom kansa bai sauƙaƙa lamarin ba, domin yakan jinkirta miƙa faifan shiri don kada masu tacewa su sami lokacin yanka.

Da wannan jinkiri aka kama shi. A watan Maris 1969 CBS ta sabunta musu kwantiragi, amma ranar 4 ga Afrilu shugaban tashar, Robert Wood, ya sallame su, bisa hujjar cewa ba su kawo faifan wannan makon a kan lokaci ba. Faifan yana ɗauke da wa'azin Steinberg na biyu. Suka kai ƙara kotu, a 1973 aka yanke cewa tashar ce ta karya yarjejeniya, aka umarce ta ta biya su fiye da dala dubu 770. Wata biyu bayan korar, marubutan shirin suka ci Emmy, babbar lambar yabo ta talabijin a Amurka. Tom ya riga ya cire sunansa daga jerin, don gudun kada ƙiyayyar da ake masa ta hana sauran samu. Sai a 2008 aka ba shi tasa ta girmamawa, Steve Martin ne ya miƙa masa.

Shi kuwa Johnson, wanda suka fi yi wa ba'a, ya rubuto musu wasiƙa a ƙarshen mulkinsa yana cewa zama abin zolayar masu barkwanci yana cikin farashin shugabancin ƙasa mai 'yanci.

Bayan kora

A ranar 1 ga Yuni 1969 Tom yana ɗakin otal a Montreal ta Kanada, yana kaɗa jita kusa da mawaƙin Birtaniya John Lennon, lokacin da aka naɗi shahararriyar waƙar Lennon ta neman zaman lafiya. Amma shekarun da suka biyo baya sun yi musu tsauri. Tom ya faɗa da bakinsa cewa ɗacin korar ya ɗauke masa ban dariya na wani lokaci. Tashar ABC ta ba su shiri a 1970, NBC ta ba su a 1975, ba wanda ya daɗe. Kowa ya ɗan kama gabansa. Dick ya shiga tseren motoci, suka kuma kafa gonar inabi a Kalifoniya.

Abin da ya dawo da su shi ne abin da suka fara da shi. A ƙarshen shekarun 1970 suka fito tare a wani wasan dandamali na Broadway, unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo ta New York, daga nan suka koma yawon gari gari da jita da bas, suna musu irin na da, yanzu da furfura. Tom ya ƙara da wasan yoyo, ɗan faifan nan da ake wurgawa da zare ya dawo hannu, ya ƙware a kai har yara suka san shi da shi. CBS ɗin da ta kore su ta sake ba su shiri a 1988 zuwa 1989. Wannan zango na yawo, wanda ya haura shekara 30, shi ne mafi tsawo a rayuwar wasansu, ko da yake shekara biyu da 'yan watanni na rigima da CBS sun fi shi amo a tarihi.

Sun rufe yawon wasansu da wani wasa a Las Vegas a watan Mayun 2010, shekarar da aka shigar da su zauren girmamawa na masana'antar talabijin ta Amurka. Tom ya rasu ranar 26 ga Disamba 2023 a gidansa da ke Santa Rosa, Kalifoniya, bayan fama da ciwon daji, yana da shekara 86.