Ruwan lagireto yana raguwa: tambayoyin da na gaji da amsawa

Duk shekara da zarar zafin bazara ya kama, tambayoyin nan ne dai ake kawo min gareji, wasu ma a waya cikin dare. Ga amsoshinsu wuri guda.

Kullum da safe sai na ƙara ruwa. Ba haka kowace mota take ba?

Ba haka ba ne. Ruwan a rufe yake zagayawa, daga inji zuwa lagireto ya dawo. Lafiyayyar mota tana yin watanni ba ta nemi ƙari ba. In kana yawo da jarka a but, motarka tana yoyo.

Ta yi zafi a hanya, in buɗe murfin lagireto in zuba mata ruwa?

Kada ka kuskura! Murfin nan yana riƙe matsi, shi ya sa ruwan ke wuce digiri 100 bai tafasa ba. Kana buɗewa zai yi tsiri ya watso maka. Na ga yaron mota da fatar hannunsa ta saɓule tun daga wuyan hannu har gwiwa saboda wannan gaggawar. Kashe inji, ka jira har sai ka iya riƙe tiyon sama da hannu.

Na ga ruwa yana ɗiga a ƙarƙashin motata bayan na yi fakin.

Hajiya, kwantar da hankalinki. In kin kunna esi, kuma ruwan garau yake ba wari, yana ɗigowa ta gefen mai zaman banza, na esi ne, ba matsala. Ruwan kulan, wato ruwan musamman na sanyaya inji, yana da launi, kore ko ja-ja, da santsi a yatsa da wani ƙamshi zaƙi-zaƙi. Kada a ɗanɗana, guba ne. A kawar da shi daga yara da dabbobi.

Ta ina zan fara dubawa?

Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji da dare, da safe ka ga inda ya jiƙe. Sannan ka bi bakin kowane tiyo inda kilif ya matse shi. Duba inda robar kan lagireto ta haɗu da alminiyam, nan yake tsagewa in ya tsufa. Leƙa ƙasan famfon ruwa, akwai ɗan rami da ke zubar da ruwa in sil ɗinsa ya mutu.

Ruwa yana raguwa, ƙasa a bushe, bakanike ya ce gasket ne, a sauke top. In yarda?

Alhaji, a nan sai mun bi a hankali. Zai iya zama gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin top (kan inji) da bulo (gangar jikin inji), ban ce ba shi ba ne. Amma motoci da yawa an sauke musu top a banza, aka ci kuɗin mutum, ruwa ya ci gaba da raguwa.

Ƙaramin yoyo ba ya kaiwa ƙasa. Sai inji ya yi zafi, matsi ya taru, sannan ƙofar take buɗewa, ruwan kuma yana faɗawa kan ƙarfe mai zafi ya ƙafe nan take. Abin da yake bari shi ne busasshen tabo fari-fari kamar kanwa. Ɗauki tocila ka nemi wannan tabon, har bayan inji wajen da ido ba ya kaiwa da sauƙi.

Murfin lagireto ma abin zargi ne. In robarsa ta bushe ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwa zai dinga fita ta robar ajiyar ruwa da ke gefen lagireto kana cikin gudu, kai ba ka sani ba. Shi ne mafi arha a duk abin da zan lissafa, fara da shi, amma ka sayi mai lambar matsi ɗaya da naka: in 1.1 aka rubuta, 1.1 za ka sa.

Sai hita. Mu nan ba mu cika kunna ta ba sai lokacin hunturu, amma a yawancin motoci ruwa yana ratsa ta kullum a bayan dashbod. Ɗaga kafet ɗin gaba ka taɓa. In akwai danshi mai santsi, ko gilashi yana yin hazo mai maiƙo daga ciki, ga ɓarawonka nan.

In duk waɗannan lafiya, to a yi maganar gasket. Alamunsa: farin hayaƙi mai kauri daga salansa wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, kumfa tana tasowa a bakin lagireto in ka tayar da mota da sanyinta, tiyo ya yi tauri da wuri, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Ko nan ma alama ɗaya ba ta isa hukunci ba. Tururin safiya lokacin sanyi ba komai ba ne, kuma gasket yana iya ƙonewa baƙin mai yana nan garau.

Abin da zan ba ka shawara: kafin a kwance noti ko ɗaya, a yi gwajin matsi. Ana ɗaura ɗan famfon hannu a bakin lagireto, a hura daidai lambar murfin, a zuba wa allurar awon matsin ido. In tana sauka, sau da yawa za ka ga ɗigon da idonka. In tana sauka ba ɗigo a waje, a cire fulogi a duba: wanda ya fi 'yan'uwansa tsabta kamar an wanke shi, silindarsa ce ke shan ruwa. Bakaniken da ya ƙi yin wannan ya ce shi da kunne yake ganewa, ɗauki motarka ka kai wani wuri.

An ce in fasa ɗanyen ƙwai ko in zuba barkono a cikin lagireto don ya toshe yoyon.

Haba Malam! Ƙofar da zai toshe ƙarama ce, hanyoyin lagireto ma ƙanana ne, duka zai toshe.

Ruwan rijiya ko na leda ba zai yi ba?

Zai kai ka gida in ka maƙale a daji, iyakarsa ke nan. In ya zauna, tsatsa da ɓawo yake tarawa, ya cinye fanka-fankan famfo da ƙananan murafan jikin bulo. Bayan gyara a wanke, a zuba kulan irin wanda kamfanin motar ya ce.

A cire tamostat gaba ɗaya, tunda ƙasarmu da zafi?

A'a. Shi ne ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya ɗumama, cire shi ba ya toshe yoyo. In ya maƙale ne, a sa sabo.